Python a tsohuwar laftof, a ƙauyen da sabis ke wuya: amsa ga mai shagon caji

Wa alaikumus salam ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi sau biyu. Ka ce kana da shagon cajin waya a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, kana da sola mai faranti biyu, kuma yayanka da ke aiki a Kano ya bar maka tsohuwar laftof mai Windows 7. Kana son koyon rubuta manhaja. Ka ji ana cewa akwai yarukan kwamfuta na kyauta, amma da ka shiga gari ka tambaya a wani shago, sai aka ce ka kawo dubu biyar a ɗora maka "orijinal". Kana tambaya wane yare za ka ɗauka, ina za ka same shi, yaya ake ɗora shi, kuma anya mutum zai iya koyo a garin da sai an hau tudu ake samun sabis.

Zai iya. Kuma dubu biyar ɗinka ka bar ta a aljihu. Yaren da nake ba ka shawara shi ne Python, masu shi sun ba da shi kyauta ga duk duniya, wanda ya nemi kuɗi a hannunka kafin ya ba ka, shi ne Hausawa ke cewa rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. In kuɗin wahalarsa da na datarsa yake so, wannan daban, sai ya faɗa kai tsaye. Amma babu wani Python orijinal da na jabu da ake sayarwa.

Na san mutanenmu da ɗari-ɗari da abin kyauta, ana cewa araha ba ta ado. Don haka bari in tsaya kaɗan a kan ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja, domin zuciyarka ta kwanta. Kai ɗan manoma ne, ka san irin gero na gida da iyayenmu ke warewa bayan girbi, su rataye a rumbu. Wannan irin naka ne: ka shuka, ka ajiye na baɗi, ka ɗebar wa maƙwabci, in ka ga zangarniyar da ta fi kyau ka zaɓe ta ka inganta. Babu wanda zai ce ka ci amanarsa. Buɗaɗɗiyar manhaja haka take. Rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa, ya rarraba, kuma lasisinta ne ya ba da wannan izini a rubuce. Manhajar da aka fasa wa makulli, wadda ake cika wa mutane kwamfuta da ita a shaguna, wata aba ce daban: haƙƙin wani ne aka ɗauka, kuma sau da yawa da bairos a cikinta take zuwa.

Python wani ɗan ƙasar Holan ne ya fara shi, Guido van Rossum, a ƙarshen 1989, lokacin yana aiki a wata cibiyar binciken lissafi da kwamfuta a birnin Amsterdam. Ya fitar da shi ga jama'a a 1991. Sunan ba daga macijin mesa ya samo shi ba, daga wani shirin barkwanci na talabijin ɗin Ingila ne, ko da yake tambarinsa na yanzu macizai biyu ne. Tun 2001 wata gidauniya mai suna Python Software Foundation ke riƙe da haƙƙinsa, ba don riba ba. Masu gyara shi suna warwatse a ƙasashe, wasu sa-kai suke yi, wasu kamfanoni ke biyansu domin kamfanonin da kansu sun dogara da shi. Aikin gayya ne, sai dai gonar ta duniya ce.

Akwai wasu yarukan, kuma kusan duk kyauta ne. JavaScript shi ke motsa shafukan intanet. PHP ya daɗe yana ɗauke da shafuka masu yawa. C tsoho ne tun farkon shekarun 1970, yana koya wa mutum cikin injin sosai, amma yana da tsauri ga ɗan koyo da ba shi da malami a kusa. Za ka ji masu gardama a Facebook kowa na yabon nasa. Kar ka tsaya sauraro. Na fifita maka Python saboda rubutunsa ba shi da tarkace, fayil ɗin ɗora shi ƙarami ne, yana aiki a kwamfuta mai rauni, kuma da zarar ya hau ba ya neman intanet. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci a wurinka. In ka iya shi, yare na biyu ba zai ba ka rabin wahalar na farko ba, domin tunanin ɗaya ne, lafazi ne ke sauyawa.

Yanzu inda mutane da yawa ke tuntuɓe. In ka buɗe shafin python.org, babban maɓallin da za ka fara gani na sabon fitowa ne, kuma ba zai hau Windows 7 ba. Tun daga Python 3.9 aka daina tallafa wa Windows 7. Naka shi ne 3.8, kuma na ƙarshe a jerin da aka yi wa fayil ɗin ɗorawa shi ne 3.8.10, wanda ya fito a Mayun 2021. Na ga wanda ya ƙona datarsa sau uku yana sauke sabo, kwamfutar tana ƙi, har ya yanke cewa ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Kafin ka sauke, ka duba ko Windows ɗinka mai 32 ce ko mai 64. Danna Start, ka kai kibiya kan Computer, ka danna ɓangaren dama na maus, ka zaɓi Properties. A wurin da aka rubuta System type za ka ga lambar. A saman wannan shafin kuma ka duba ko an rubuta Service Pack 1, domin in babu shi Python 3.8 ba zai yarda ya hau ba, sai an fara ɗora shi. In mai 64 ce, fayil ɗinka shi ne python-3.8.10-amd64.exe, kuma kalmar amd kar ta ruɗe ka, yana aiki ko injinka Intel ne. In mai 32 ce, python-3.8.10.exe. Kowannensu bai kai megabait 30 ba, wato bai kai abin da bidiyo ɗaya na WhatsApp ke ci wani lokaci ba. A shafin za ka bi Downloads, sannan Windows, ka gangara jerin har ka iso 3.8.10. Akwai wani da aka rubuta wa embeddable, ka tsallake shi, ba na ɗan koyo ba ne.

Ba sai ka ɗauki laftof zuwa tudu ba. Ranar Alhamis in ka shiga kasuwar Maigatari, ko duk ranar da ka je Gumel inda sabis ke da ƙarfi, ka sauke fayil ɗin a wayarka. Wayar ba za ta iya buɗe shi ba, ba komai, ajiya kawai za ta yi. In ka koma gida ka haɗa ta da laftof da igiyar caji mai ɗaukar data, ka kwafe shi. Na fi son wannan hanyar a kan filashin da ya zaga shagunan buga takardu, domin irin waɗannan filashin ne ke yawo da bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar maka inuwarta. Kuma daga python.org kaɗai za ka sauke. Duk shafin da ya ce ka danna nan, ka jira daƙiƙa goma, ka sake danna can, ka fita daga cikinsa. In kana son ƙarin tabbaci, danna dama a kan fayil ɗin, Properties, Digital Signatures, za ka ga sunan gidauniyar a matsayin mai sa hannu.

To, ɗorawa. Danna fayil ɗin sau biyu. Taga za ta buɗe da babban rubutu Install Now, hannunka zai yi ƙaiƙayin dannawa. Dakata. Ka dubi can ƙasa, akwai ɗan akwati da aka rubuta Add Python 3.8 to PATH, kuma a buɗe yake babu alama. Sa masa alama tukuna, sannan ka danna Install Now. Wannan PATH jerin wurare ne da Windows ke dubawa in an kira sunan wata manhaja. In Python ba ya cikin jerin, yana cikin kwamfutar amma kamar baƙon da ya sauka a gari ba a kai shi wajen mai unguwa ba: in an zo nemansa sai a ce ba a san shi ba. Minti kaɗan zai ɗauka ya gama. Ka tabbata batirin na da caji kafin ka fara.

Don gwadawa, danna Start, rubuta cmd, baƙar taga za ta fito. Rubuta wannan ka danna Enter:

python --version

In ta amsa da Python 3.8.10, ka gama, sai hamdala. In ta ce is not recognized, akwatin nan ne aka manta. Sake buɗe fayil ɗin ɗorawa, zaɓi Modify, ka wuce shafi na gaba, ka sa alama a Add Python to environment variables, sannan ka rufe baƙar tagar ka buɗe sabuwa.

Tare da Python akwai wata 'yar manhajar rubutu mai suna IDLE, za ka same ta a Start. Ita ce allonka. Mutane za su ce maka ka sauke manyan manhajojin da ƙwararru ke aiki da su. A tsohuwar laftof nauyi kawai za su yi mata, kuma maɓallansu za su raba maka hankali. IDLE ta ishe ka wata shida. In daga baya kana son wadda ta fi ta nuna abin da ke faruwa layi bayan layi, akwai Thonny, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya musamman don masu koyo, ita ma buɗaɗɗiya ce. A Start ɗin kuma za ka ga Python 3.8 Manuals. Wannan cikakken littafin yaren ne, ya riga ya shiga kwamfutarka, ba ya buƙatar sabis, kuma akwai sashen darasi na masu farawa a ciki. Mutane da yawa ba su san suna da shi ba.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi, wato yadda ake koyon. Saukewa da ɗorawa aikin yini ɗaya ne. Inda ake zubewa shi ne bayan nan.

Na daɗe ina koyar da wannan fanni, kuma ɗalibin da na fi jin tsoro a kansa shi ne wanda ya cika mamori da bidiyon darasi. Yana kallo, yana gyaɗa kai, komai ya gane. Ka ba shi kibod ka ce rubuta layi biyar, sai hannu ya tsaya. Ka tuna makarantar allo. Ba a taɓa cewa yaro ya iya don ya zauna kusa da mai karatu yana ji. Shi zai riƙe alƙalami ya rubuta, ya biya, malam ya gyara masa wasali, ya haddace, ya wanke, ya sake rubuta na gaba. Rubuta manhaja ma a yatsu yake zama. Duk misalin da ka gani, ko a littafi ko a bidiyo, ka buga shi da hannunka harafi bayan harafi, kar ka kwafa ka liƙa. Sannan ka ɓata shi da gangan: canza lamba, cire baka ɗaya, ka ga me zai ce. Sannan ka rufe littafin ka sake rubuta shi da ka. A nan rashin sabis ma taimakonka zai yi, don babu abin da zai janye ka.

Kuma kar ka koya da misalan da ba su shafe ka ba. Kana da littafin shago, da shi za ka fara. Buɗe IDLE, za ka ga alamar >>> tana jiranka. Rubuta:

kudin_caji = 100
wayoyi = 37
print(kudin_caji * wayoyi)

Zai ba ka 3700. Abin da ka yi shi ne ka ba lambobi biyu suna, kamar ka rubuta a jikin kwano abin da ke cikinsa, sannan ka ce a ninka a nuna maka. Lura cewa sunayen da Hausa na sa su. Python bai damu da yaren sunan ba. Kalmomin da ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, kuma waɗanda za ka riƙa amfani da su kullum ba su wuce goma sha ba: if wato idan, else wato in ba haka ba, for da while na maimaitawa, def na ƙirƙirar aikin da za ka riƙa kira da suna, da 'yan kaɗan. Don haka maganar da ka yi cewa Turancinka ba shi da ƙarfi, kar ta hana ka. Turancin da ka yi karatun sakandare da shi ya isa farawa, sauran zai ƙaru a hanya.

Bayan kwana biyu sai ka wuce zuwa fayil. A IDLE danna File, New File, ka rubuta wannan, ka adana shi da suna bashi.py, ka danna F5:

bashi = {"mai shayi": 600, "mahauci": 1500, "tela": 300}
for suna, kudi in bashi.items():
    if kudi >= 500:
        print(suna, kudi)

Zai fito maka da mai shayi da mahauci, ya bar tela, domin bashinsa bai kai ɗari biyar ba. Ka dubi yadda layi na uku ya matsa ciki, na huɗu ya ƙara matsawa. Wannan ba ado ba ne. A Python tazarar farkon layi ita ke nuna wane umarni ke ƙarƙashin wane, kuma al'ada ita ce tazara huɗu. In ka jera su daidai da juna zai tsaya ya ce IndentationError. Mutum uku ne a misalin, amma layukan nan huɗu ba za su ƙaru ba ko masu bashin sun kai ɗari uku. Ranar da wannan ya zauna maka a kai, ka fara gane amfanin abin.

Jan rubutu zai fito maka, kullum ma kuwa. Sabon ɗalibi in ya ga ja sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka ya lalata wani abu. Babu abin da ya lalace. Python ne ke gaya maka inda bai gane ba, har da lambar layin. Ka fara karantawa daga layin ƙarshe, can ne sunan matsalar yake. NameError na nufin ka kira sunan da ba ka ƙirƙira ba, galibi kuskuren harafi ne, don Kudi da kudi a wurinsa abu biyu ne. SyntaxError galibi baka ce ba ka rufe ba, ko ka manta ɗigo biyun ƙarshen layin if. Ka samu ƙaramin littafi na takarda, duk jan rubutun da ya fito ka rubuta shi da abin da ya warware shi. Bayan wata biyu wannan littafin zai fi maka kowane bidiyo.

Wani kuskuren kuma ba ya zuwa da ja, shi ya fi haɗari. Akwai wata ɗaliba tawa da ke taya mahaifiyarta lissafin adashi. Ta rubuta shirin da zai tambayi kuɗin zubi ya ninka sau uku, ta shigar da 100, sai ya ba ta 100100100. Ta zo da laftof a rungume tana cewa kwamfutar ba ta iya lissafi ba. Abin da ya faru shi ne, duk abin da aka shigar ta hanyar input, wato umarnin da ke karɓar abin da mutum ya buga a kibod, Python rubutu yake ɗaukarsa, ba lamba ba, shi kuwa rubutu in ka ninka shi sau uku jera shi yake yi sau uku. Maganin shi ne int(input()), wato a mai da shi lamba tukuna. Tun daga ranar ba ta sake yarda da amsar kwamfuta ba sai ta gwada da lissafin da ta riga ta san amsarsa, kuma wannan ɗabi'ar nake so ka ɗauka. Haka nan in ka rubuta 0.1 + 0.2 za ka ga 0.30000000000000004, saboda yadda injin ke ajiye lambobi masu ɗigo. Don haka lissafin kuɗi ka riƙa yin sa da cikakkiyar naira.

Wani tarko: kar ka sa wa fayil ɗinka sunan wani kayan aikin Python, kamar random.py ko turtle.py. In ka yi haka, sa'ad da ka kira na ainihin sai ya ɗauko naka, ka kwana kana neman laifin. Shi turtle ɗin, tunda na ambace shi, ka gwada shi wata rana da yamma: wani ɗan kunkuru ne da ke zane a sikirin bisa umarninka, ka ce ya yi gaba taku ɗari ya juya dama. Yaran da ke taruwa a bakin shagonka za su so shi, kai kuma da shi za ka gane maimaitawa da idonka.

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba, domin ba matsalarsu ba ce: haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Python 3 yana karɓarsu sarai, ko a cikin rubutu ko a sunan abu, kuma ya san babban ƙ shi ne Ƙ. Amma ranar da ka zo adana sunaye a fayil a kan Windows, zai iya tsayawa ya ce UnicodeEncodeError, saboda tsohon tsarin haruffan da Windows ke zaɓa da kansa bai san su ba. Ka saba tun yanzu da rubuta haka:

f = open("bashi.txt", "w", encoding="utf-8")

Haka ma wajen karantawa. Sannan in ka ce ya jera kalmomi bisa abacada, ka ba shi kaza, ƙasa da zuma, zai sa ƙasa a ƙarshe bayan zuma, domin lambar da aka ba ƙ a tsarin haruffan duniya tana can gaba da z. Ba kuskurenka ba ne. Gyara wannan, ka koya masa jerin haruffan Hausa yadda muke jera su, aiki ne mai kyau da za ka sa wa kanka a wata na uku ko na huɗu. Irin waɗannan ƙananan kayan aiki na Hausa sun yi ƙaranci, kuma babu wanda zai zo daga waje ya rubuta mana su.

Game da lokaci, awa ɗaya kullum ta fi yini guda a mako. Kai da ke zaune a shago, tsakanin hantsi da azahar wayoyi na kan caji, rana na dukan faranti, ciniki ya lafa: lokacinka ke nan, kuma lokacin ne solar ke da rarar wuta. Wata na farko ka tsaya a kan lambobi, rubutu, if da for. Na biyu jeri da ƙamus irin na bashin nan, da def. Na uku karanta fayil da rubuta shi. Daga nan ka ɗauki aiki ɗaya na gaske ka kai shi ƙarshe, misali shirin da zai riƙe cinikin kowace rana ya ba ka jimillar mako, ko wanda zai lissafa wa mai sayen riɗi ko zoɓorodo kuɗin buhu daga farashin kwano. Shiri ɗaya da ka gama kuma kake amfani da shi ya fi darasi ashirin da ka fara ka bari.

Ka riƙa danna Ctrl da S kamar numfashi, tsohon batir ba ya sallama kafin ya ɗauke. Fayilolin Python ƙanana ne ƙwarai, aikin shekara guda ba zai cika ko kusurwar mamori ba, don haka duk Juma'a ka kwafe foldarka zuwa waya. Laftof ɗin kuma kar ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ƙofar iskarta a ƙasa take. Ɗora ta a kan benci, in ka gama ka rufe ta da ƙyalle, musamman da hunturu lokacin ƙura.

In wata rana laftof ta ƙi tashi, waya ma na iya riƙe ka. Akwai Termux, buɗaɗɗiyar manhaja ta Android da aka fi sauke ta daga F-Droid, wani rumbun buɗaɗɗun manhajoji mai kama da Play Store. In ka buɗe ta ka rubuta pkg install python sai ya sauka. Akwai kuma Pydroid 3 a Play Store, ta fi sauƙin farawa amma tana da talla. Rubutu a gilashin waya na gajiyarwa, don haka na ɗauke su abin rage zafi, ba madadin kibod ba.

Za ka ji ana maganar pip. Shi ne ke ɗauko ƙarin kayan aikin da wasu suka rubuta suka ajiye a babban rumbun Python na intanet. Misali in ka rubuta pip install openpyxl a baƙar tagar cmd, zai ba ka damar karanta fayil ɗin Excel da rubuta shi, abin da makarantu da ƙungiyoyin manoma ke buƙata. Wannan kaɗai ne ke son sabis, na 'yan mintuna, sai ka kunna wa laftof data daga wayarka ka kashe in an gama. Kar ka bar ta a intanet haka kawai, domin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020. Shi ma Python 3.8 an rufe tallafinsa a Oktoban 2024. Don koyo babu damuwa, kusan duk abin da za ka koya a shekarar farko iri ɗaya ne da na sabo. Amma in ka yi nisa, kuma injin mai 64 ne, ka yi tunanin sauya mata Windows da Linux Mint, wanda shi ma kyauta ne, yana tafiya da tsofaffin kwamfutoci, kuma da Python a cikinsa yake zuwa. Fayil ɗinsa ya haura gigabait 2, kuma ɗora shi na iya share abin da ke cikin kwamfutar, don haka wannan sai ka kwashe kayanka kuma ka samu wanda ya taɓa yi ya zauna kusa da kai. Ba na yanzu ba ne.

Ka tambaya a ƙarshen saƙonka ko abin na kawo kuɗi. Ba zan yi maka alkawarin dala ba, kuma duk wanda ya ce wata uku sun isa ka fara karɓar albashi daga Amurka, kwas yake son sayar maka. Gaskiya ne manyan kamfanoni na aiki da Python, Instagram ma da shi aka gina ɓangarensa na ciki da ba a gani, amma tsakanin layinka na farko da irin wannan aiki akwai shekaru. Abin da ke kusa da kai shi ne makarantar da malamai ke kwana suna haɗa sakamakon jarrabawa da hannu, da ƙungiyar manoma mai mambobi ɗari da littafi ɗaya, da dillalin hatsi da lissafi ke kwace masa. Waɗannan a garinku suke, kuma kai ka san yarensu. In kuma kana son takarda, a jiharku akwai cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, sannan gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa fasahar zamani. Wanda ya shiga irin waɗannan wurare yatsunsa sun riga sun saba, ba ya zama daidai da wanda ya zo hannu rabbana.

Manhajojin nan masu amsa tambaya irin su ChatGPT, in ka samu sabis, ka yi amfani da su wajen neman bayanin jan rubutun da ya gagare ka. Kar ka ce su rubuta maka shirin gaba ɗaya a wannan matakin, kuma duk abin da suka ba ka ka gwada shi, suna kuskure da cikakken ƙarfin hali.

Yau da daddare ka duba min abu biyun nan, 32 ko 64, da kuma Service Pack 1. Ranar kasuwa ka sauke fayil ɗin. In ka ɗora, ka rubuta shirin bashin nan da ainihin lambobin littafinka, ka sa laƙabi maimakon sunayen mutane, ka ɗauki hoton sikirin ka turo min, ko ya yi aiki ko ja ya fito. In ja ne, ka tabbata layin ƙarshe ya fito sosai a hoton. Ka gaishe min da yayan naka, Allah ya saka masa da alheri, kai kuma Allah ya buɗa maka.